Seychelles: mu sauka ranar karɓar jirgin ruwa, ko mu riga da kwana ɗaya?

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu shida ne, za mu ɗauki hayar katamaran, wato jirgin ruwa mai jiki biyu da ake kwana a ciki, na mako guda a Seychelles, daga marinar (tashar ƙananan jiragen ruwa) Eden Island. Kamfanin ya ce a karɓi jirgi ranar Asabar da yamma. Tikitin da ya fi araha yana sauke mu a babban tsibirin Mahé ranar Asabar ɗin da rana. Mu saya, ko mu ƙara kuɗi mu sauka Juma'a? Sannan Agusta ko Oktoba? Daga Kano za mu tashi.

Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Juma'a. Oktoba.

Hajiya Maman Ikram:
Haba Kyaftin, kamar ana cajin ka kuɗin kowace kalma. Ka yi wa bawan Allah bayani mana.

Injiniya:
Alhaji, Kyaftin ya yi daidai, bari in cike masa. Nisa ba matsala ba ne, daga filin jirgin Pointe Larue zuwa Eden Island tafiyar minti goma ce a mota in hanya ba cunkoso. Jaka ce ke ɓata lissafi. Babu jirgin da zai kai ku kai tsaye, dole a canza: Adis Ababa da Ethiopian, ko Doha da Qatar, ko Nairobi in ta Legas kuka bi. Wurin canjin nan jaka ke maƙalewa. Mai zama otal in tasa ta makara, gobe a kai masa har ƙofar ɗaki. Ku kuwa gobe kuna kan teku, jibi kuna tsibirin Praslin, wa zai bi ku da ita? Ko dai ku zauna a marina kuna jira kuɗin haya na tafiya, ko a aiko ta a jirgin fito zuwa tashar Baie Sainte Anne da ke Praslin ku karkata hanya ku karɓa. Kwana ɗaya a ƙaramin masauki ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

In jaka ba ta fito ba, kada mai ita ya bar wurin ɗaukar kaya sai ya cike takardar rahoto da ake ce wa PIR, an ba shi lambar fayil. Wurin adireshi a rubuta ofishin kamfanin hayar da lambar wayarsu, sunan jirgin ruwa kaɗai ba ya isa. A ƙa'idar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama, wa'adin kai ƙorafi a rubuce kan jakar da ta makara kwana 21 ne daga ranar da ta iso hannunka, in kuma a fashe ta zo kwana 7 ne. A ajiye rasidin duk abin da aka saya na dole.

Tikiti ya zama guda ɗaya tun daga Kano har Mahé. Masu yanka shi biyu don rage kuɗi, in jirgin farko ya yi latti, na biyu ba ruwansa, sabon tikiti za su saya. Kuma in a tikiti ɗaya jiran Adis ya kai awa 8 zuwa 24, Ethiopian kan ba da masauki, a tambaya tun wurin saye.

Sai gajiya. Agogonsu ya riga namu da awa 3, ga kwanan zaune. Bayanin jirgi da na taswira kan ci awa biyu zuwa uku, kuma a nan ake nuna maka inda makunnin injin jan anka yake in ya yanke wuta, da bawul-bawul na ƙasan jirgi, da yadda ake juya tankin ruwa. Mai gyangyaɗi ba zai riƙe ko rabi ba, sai ya je tsakar dare yana haska fitila a ƙarƙashin gado yana nema.

Barista:
Duk kun tsallake babbar magana. Alhaji, wane fasfo ke hannunku? Seychelles ba ta neman biza, amma kowa sai ya samu izinin shiga ta intanet kafin ya hau jirgi. A watan Yulin 2023 gwamnatinsu ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, an yi ta ƙin amincewa da takardun mutane. Kafin ka biya kamfanin haya ko sisi, ka rubuta wa hukumar shige da ficensu, ka samu amsa a rubuce kan matsayin fasfon kowane ɗayanku. Tikitin ma ka sayi irin wanda ake mayar da kuɗinsa. Wurin cike izinin za a nemi tikitin komawa da shaidar masauki. Ku masaukinku jirgi ne, don haka kamfanin ya ba ku takarda mai sunan jirgin, ranakun haya, da sunayen ku shida cif. In Juma'a za ku sauka, a haɗa da takardar masaukin daren farko, in ba haka ba kwana ɗaya zai fito babu wurin kwana a takardunku.

Ɗan Zongo:
Mu masu fasfon Ghana dai muna kallo daga gefe.

Barista:
Kai ma katin rigakafin shawara bai bar ka ba. Duk wanda ya fito daga Najeriya, Ghana ko Nijar sai ya nuna shi, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Kada a je a yi ta ana gobe tafiya.

Baban Walida:
Na gode Barista. Huɗu fasfon Najeriya, biyu na Birtaniya. Zan rubuta musu yau in sha Allah.

Ɗan Zongo:
To in sun hana ku ga Zanzibar nan, teku dai teku ce.

Kyaftin:
Ba ɗaya ba ne. Shi yana son jirgin da zai kwana a ciki mako guda yana sauya tsibiri. Mahé, Praslin, Curieuse, La Digue, duk kusa suke da juna, shi ya sa harkar hayar ta kafu a can.

Tunda Hajiya ta ce in yi magana: daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas ce, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kilomita 30 zuwa 45 a awa ba abin mamaki ba ne. Daga Mahé zuwa Praslin kusan kilomita 44 ne, awa huɗu zuwa biyar, kuma kuna fuskantar arewa maso gabas, wato igiya na dukan jirgin ta gefe tun daga fita har shiga. Ga wanda ya saba, daɗi ne, filafilai sun cika, ba a kunna inji. Ga iyali da ba su taɓa kwana kan ruwa ba, rabinsu za su kwanta. Oktoba lokacin sauyin iska ne, ruwa ya kwanta, ya yi garau har kana ganin ƙasa. Kuɗin da za ka biya shi ne zafi da man inji, don wasu ranakun iskar ba za ta tura ku ba. Disamba da Janairu ruwan sama ya fi yawa.

Wurin kwana ma iska ce ke zaɓa. Gaɓar Anse Lazio a Praslin da ta Beau Vallon a Mahé lafiya lau suke in iskar daga kudu maso gabas take. In ta juya arewa maso yamma, igiya na shigowa kai tsaye, ba mai barci. A Oktoba tana iya zuwa ta ko'ina, saboda haka a duba hasashen yanayi kowace safiya kafin a yanke inda za a kwana.

Hajiya Maman Ikram:
Ashe akwai baki.

Maganar jaka da Injiniya ya fara: kada wanda ya zo da akwati mai tauri. Ɗakunan jirgi ba su da inda za a cusa shi, kuma tayoyinsa na karce katako, a cire muku a kuɗin jinginar da kamfanin haya ke riƙewa. Jakar yadi mai naɗewa, kowa ɗaya. A jakar hannu kuma: magungunan da mutum ke sha kullum, kaya canji biyu, kayan ninƙaya, tabarau, caja, da takardun haya a buge a takarda. Fawa banki dole jakar hannu, ba a sa shi a kayan awo. Har 100Wh ba a neman izini, daga nan zuwa 160Wh sai kamfanin jirgi ya yarda. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, amma a cikin jirgin ruwa in kun bar marina wutar batir ce, ku tambaya ko akwai inbata.

Injiniya:
Ƙari kan na Hajiya: mai niyyar zuwa da rigar ceto tasa mai hura kanta, ƴar tukunyar gas da ke ciki sai da amincewar kamfanin jirgin sama, a nema a rubuce kafin ranar tafiya. Wuƙa a kayan awo. Wutar neman agaji da ake harbawa sama ba a hawa jirgi da ita sam, akwai ta a jirgin hayar, a duba ranar ƙarewarta kawai.

Autan Zaure:
Ni tambayata ɗaya ce, kilishi zai wuce?

Barista:
Ba zai wuce ba. Nama, ɗanyen kayan lambu da iri duk suna ƙarƙashin dokar kare tsibiran daga cututtuka, sai da takardar izini. Duk abincin da ke jakarka ka bayyana shi, su ce wannan ya shiga wannan ya tsaya. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

Autan Zaure:
Shi ke nan, a cinye shi a Adis.

Hajiya Maman Ikram:
Auta kai da ba a gayyace ka ba ma. Alhaji, wannan wani dalili ne na sauka Juma'a: sayayya. Kasuwar Victoria, babban birninsu, da safe take ci, ranar Asabar ta fi cika, Lahadi kuwa gari a rufe yake kusan duka. Kifi, ayaba, lemun tsami da kayan miya a can. Kaya masu nauyi a babban kantin STC, abin da aka manta a SPAR na Eden Plaza, wanda yake bakin marina. Ruwan sha a lissafa lita 3 kowane mutum a rana, ku shida kwana bakwai lita 126 ke nan, in da kyaftin a ƙara nasa. Ruwan tanki na wanka da wanke-wanke ne, kuma in kowa ya sake shawa yadda ya saba a gida, ba zai kai tsakiyar mako ba. Nama a tambaya halal ne ko a'a kafin a saya, kada a ɗauka. Kifi dai ya wadata.

Malam Ladan:
In jirginku ya sauka da wuri ranar Juma'a, akwai masallacin Juma'a a Victoria. Alƙibla kuma kada a bi sabo a fuskanci gabas. Daga can Makka tana arewa maso yamma, wajen digiri 330 a kamfas. Jirgi a kan anka yana juyawa da iska, don haka a duba kamfas ɗin jirgin dab da tayar da salla, ba wanda aka duba da asuba ba.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri Malam, wannan ko kusa bai zo mini a rai ba.

Kyaftin:
Alhaji ba ka faɗa ba, waye zai tuƙa? In ɗayanku ne, za su nemi takardar shaidar iya tuƙin jirgin ruwa irin ICC ko RYA Day Skipper, da bayanin jiragen da ya taɓa riƙewa. In suka ga bai gamsar da su ba a wurin bayani, suna da ikon ɗora muku kyaftin ku biya. In haya za ku yi tun farko, ku sani yana buƙatar ɗakinsa, abincinsa kuma a kanku yake. Katamaran mai ɗaki huɗu, ku shida, ya yi daidai.

Injiniya:
Sai kuɗin jingina. Dubban yuro ne ake riƙewa a kati ranar karɓar jirgi, kuma ba lalle katin naira ya ɗauka ba. Ku tambaya tun yanzu wane irin kati suke karɓa, wasu ba sa yarda da katin cirar kuɗi sai na bashi. Akwai kuma inshorar da ake biya ta rage yawan jinginar. Kafin a sa hannu a zagaya jirgin da waya a ɗauki hoton kowane karce, a tayar da injin ƙaramin kwalekwalen roba a gaban ma'aikacinsu, a sauke anka a ɗaga, a tambayi tsawon sarƙar. A gwada kowane banɗaki, kuma a gaya wa kowa ba a jefa takarda ko auduga a ciki, toshewa ɗaya kuɗi ne.

Ɗan Zongo:
Injiniya, wannan hutu ne ko aikin kwangila?

Injiniya:
Ka je ka karɓi jirgi ba ka duba ba, za ka gane.

Kyaftin:
Ranar farko kada ku nufi Praslin. Tsibiran Sainte Anne na nan gaban marina, ƙasa da awa ɗaya. Ku je can ku gwada anka, kowa ya saba da motsin jirgi. Gandun ruwa ne da gwamnati ke karewa, ana biyan kuɗin shiga, ba a kamun kifi a ciki. Harbin kifi da bindigar ruwa haramun ne a ƙasar gaba ɗaya. Anka a kan yashi ake sauke ta, ba kan murjani ba, sarƙa ninki huɗu zuwa biyar na zurfin ruwa. A isa masauka tun rana na sama, wajen ƙarfe uku zuwa huɗu, don da hasken ake gane baƙin dutse a ƙarƙashin ruwa. Shida da ƴan mintuna rana ta faɗi, kuma kamfanonin haya ba sa yarda a yi tafiyar dare.

Nas Hauwa:
Maganin jiri da amai a fara shi kafin a tashi, in amai ya riga ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Stugeron ga babba ƙwaya biyu na 15mg awa 2 kafin tafiya, sannan ɗaya duk awa 8. Yana sa barci, mai tuƙi ya kiyaye. Mai ciki da mai shan wasu magunguna su ga likita tukuna. Wanda ya ji tashin zuciya ya fito sama ya kalli nesa, kada ya shige ɗaki. Babu zazzaɓin cizon sauro irin namu a can, amma akwai dengi, a tafi da man korar sauro. In kuma akwai masu nutso da tukunyar iska, a bar aƙalla awa 18 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama, 24 ya fi.

Autan Zaure:
Layin Airtel na nan zai yi aiki can? Na ga suna da shi.

Hajiya Maman Ikram:
Sunan ne ɗaya, kuɗin yawo za su caje ka. A sayi sim a filin jirgi da fasfo, Airtel ko Cable & Wireless.

Baban Walida:
Mun karkata ga Oktoba. Juma'ar ce ake ta ja, biyu daga cikinmu sun ce ba za su samu hutun Alhamis ba. In mu huɗu muka riga, su su iso Asabar fa?

Kyaftin:
Ya yi, muddin mai tuƙin na cikin huɗun. Su biyun su zo da jakar hannu kaɗai.

Barista:
Sai dai ku huɗun ne ake jiran amsar fasfonku. Ka turo mana abin da suka ce.