Tambaya a kan majami'ar Glide: me ya haɗa yaƙi da wariyar launin fata da karɓar masu neman jinsi ɗaya?

Talatu, Jalingo:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Tun da rikici ya tashi a ikilisiyarmu ta United Methodist a 2024 nake jin ana ambaton wata majami'a da ke birnin San Francisco na Amurka, mai suna Glide Memorial. Wasu na cewa daga can ɓaraka ta faro, wasu kuma na yabonta da cewa ta tsaya wa baƙaƙen fata da matalauta a lokacin da wasu majami'u suka juya musu baya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda irin waɗannan majami'u suke haɗa yaƙi da wariyar launin fata da karɓar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu sauya jinsi, waɗanda ake kira LGBTQ, kamar aiki ɗaya ne. Na farkon babu Kirista ɗan Afirka da zai ƙi shi, na biyun kuwa kun san yadda yake a wurinmu. Ina roƙon waɗanda suka san tarihin wurin su bayyana mini abin da majami'ar ta yi, da yadda batutuwan suka haɗu. Ba gardama nake nema ba, so nake in sami abin da zan faɗa wa matan zumunta idan sun tambaye ni.

Malam Bitrus, Jos:

'Yar'uwa Talatu, sai an san unguwar da majami'ar take da kuma mutumin da ya riƙe ta kafin a gane amsar. Wata mai arziki 'yar Methodist, Lizzie Glide, ita ce ta kafa wurin a 1929, aka gama ginin a 1931, a unguwar da ake kira Tenderloin. Kafin a shiga shekarun 1960 unguwar ta riga ta zama matattarar waɗanda garin ya tura gefe, wato tsofaffi masu zaman haya a ɗaki ɗaya, da mashaya, da mata masu zaman kansu, da samarin da iyayensu suka kora daga gida saboda an gane maza suke nema. Masu zuwa sujada kuwa sun ragu zuwa tsirarun fararen fata, ana cewa ba su wuce 35 ba, a lokacin da aka turo Rabaran Cecil Williams a 1963.

Williams baƙar fata ne, an haife shi a 1929 a garin San Angelo na jihar Texas, a zamanin da doka ta raba makaranta da asibiti da wurin zama bisa launin fata. Yana cikin baƙaƙen fata biyar na farko da suka kammala makarantar tauhidi ta Perkins a Dallas a 1955. Ikilisiyar da ta naɗa shi ma a rabe take. Tun a ƙarshen ƙarni na 18 aka ɗaga wasu baƙaƙen fata daga durƙusonsu suna cikin addu'a a majami'ar St. George da ke Philadelphia, mai wa'azi baƙar fata Richard Allen da mutanensa suka fice, daga baya suka kafa ikilisiyar baƙaƙen fata ta African Methodist Episcopal (AME) a 1816. A 1844 Methodist ta tsage gida biyu a kan batun bayi, da aka zo ɗinke ta a 1939 kuma sai aka ware majami'un baƙaƙen fata a wani sashe nasu daban, ba a soke wannan tsari ba sai a 1968. Mutumin da ya tashi yana ji ana kawo masa ayoyi don a nuna masa cewa kujerar baya ce tasa, ba abin mamaki ba ne idan ya riƙa zargin duk ƙofar da aka rufe da aya.

A 1964 wasu fastocin birnin, ciki har da Ted McIlvenna na Glide, suka zauna da shugabannin masu neman jinsi ɗaya irin su Del Martin da Phyllis Lyon, suka kafa majalisar tattaunawa tsakanin ɓangarorin biyu. Ranar 1 ga Janairu 1965 aka shirya bikin sabuwar shekara don tara wa majalisar kuɗi a wani zaure mai suna California Hall. 'Yan sanda suka zo suka haska ƙofar da manyan fitilu, suna ɗaukar hoton duk wanda ya shiga, alhali kowa ya san cewa a wancan zamanin hoto irin wannan yana raba mutum da aikinsa da iyalinsa. Suka kuma kama lauyoyin da suka tare musu hanya. Fastocin na tsaye suna kallo, washegari suka tara 'yan jarida suka yi tir da abin. Wata biyu bayan haka duniya ta ga yadda 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a Selma ta jihar Alabama. A idon Williams da abokan aikinsa wulaƙancin iri ɗaya ne, kuma hannun da ke yin sa ɗaya ne. Daga nan batutuwan suka haɗu a Glide.

Ya kamata kuma ki san cewa a 1967 Williams ya sauke gicciye daga bangon majami'ar, yana cewa alamar mutuwa ce, shi kuwa rayuwa yake so jama'arsa su duba. Ni wannan matakin ban taɓa samun natsuwa da shi ba, duk da cewa bayansa majami'ar ta cika da dubban mutane na kowane launi.

Baba Fasto mai ritaya, Zing:

'Yata Talatu, Malam Bitrus ya kawo tarihi yadda yake, ban ga abin gyara ba, amma tarihin yadda abubuwa biyu suka haɗu ba ya tabbatar da cewa daidai ne a haɗa su. Launin fata halitta ce, babu zaɓi a ciki kuma babu zunubi, Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. Batun kwanciya kuwa aiki ne da mutum yake yi, kuma abin da manzo Bulus ya rubuta a farkon wasiƙarsa ga Romawa ba a ɓoye yake ba. Ko a can Amurka ba duk baƙaƙen fata ne suka yarda da wannan haɗin ba, domin ikilisiyar AME, wadda wariya ce ta haife ta, ta yanke a 2004 cewa fastocinta ba za su ɗaura auren jinsi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo bayan babban taron United Methodist na 2019 a birnin St. Louis, inda aka tabbatar da tsohuwar koyarwar da ta hana auren jinsi da naɗa masu neman jinsi ɗaya fastoci da ƙuri'a 438 a kan 384, kuma wakilan Afirka suna cikin waɗanda suka rinjayar da ita. Sai muka riƙa jin wasu suna magana kamar mu yara ne da aka ruɗa, ko kuwa mutanen da ilimi bai kai gare su ba tukuna. Wanda ya ce yana yaƙi da wariyar launin fata ya kamata ya iya sauraron baƙar fata ko da ya faɗi abin da ba ya so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke zaune a ƙasar da dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, mu ne maƙwabta suke nuna wa yatsa, mu ne kuma muka ga Bishop John Wesley Yohanna ya koma Global Methodist, sabuwar ikilisiyar masu riƙe da tsohuwar koyarwa, a 2024, 'yan gida ɗaya suka rabu a kan majami'ar da kakanninsu suka gina, har aka rasa rayuka a yankin Karim Lamido a watan Disamba na shekarar. Duk da haka ina gaya wa matasanmu cewa babu ayar da ta ba su izinin dukan wani ko tona masa asiri, kuma ciyar da mayunwaci ba tare da bincike ba aikin Almasihu ne ko a wace majami'a aka yi shi.

Rahila, Oakland:

Baba, ina gaisuwa da girmamawa. Ina zaune a tsallaken ruwa daga San Francisco, kuma nakan je Glide aikin sa kai a ɗakin girki, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Tun da sassafe layi yake miƙewa a gefen titin Ellis, wasu da bargo a kafaɗa, wasu na tura keken da ke ɗauke da duk abin da suka mallaka. Abinci sau uku ake bayarwa a rana, ranar Alhamis kuma soyayyar kaza ce, layin ya fi tsawo. Mu masu rabo mukan sa hular raga da safar hannu mu jera, wannan ta zuba shinkafa, wancan ya sa ganye, tire yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ba a tambayar mai karɓa sunansa, balle addininsa ko wanda yake kwana da shi.

A cikin wannan layin ne nake ganin rabon da Baba ya yi yana da wuyar aiki. Baƙaƙen fata a birnin sun ragu daga kusan kashi 13 cikin 100 a 1970 zuwa kusan kashi 5 a yau, amma a layin abinci suna da yawa ƙwarai, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka kora daga gida saboda neman jinsinsu. Mutum ɗaya ne yake ɗauke da abubuwan biyu, ba zai yiwu a karɓi rabinsa a bar rabi a waje ba. Bayard Rustin, wanda ya tsara babban tattakin Washington na 1963 inda Martin Luther King ya yi jawabinsa, baƙar fata ne mai neman maza, kuma saboda haka aka daɗe ana ɓoye shi a baya. Su masu neman jinsi ɗaya kuma ba su yarda cewa zaɓi suka yi ba, suna cewa haka suka tashi suka sami kansu, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtuka tun 1973. Ban isa in yi wa Baba fassarar Romawa ba, amma ni dai ina zama tare da su a benci ɗaya ranar Lahadi, kuma zuciyata ba ta hana ni ba.

Istifanus, Kaduna:

Mama Talatu, ga abin da za ki iya faɗa wa matan zumunta ba tare da ƙari ko ragi ba. Masu cewa Glide tana da hannu a rabuwar suna da ɗan abin kamawa, domin Karen Oliveto, wadda aka zaɓa bishop a 2016 tana auren mace 'yar'uwarta, daga Glide ta fito, kuma zaɓenta ya ƙara zafafa rikicin da ya kai majami'u sama da 7,600 a Amurka ga ficewa tsakanin 2019 da 2023. Amma Glide kanta ba ta cikin United Methodist yanzu. A 2018 ta sami saɓani da Bishop Minerva Carcaño mai kula da yankin, wadda ita ma mai goyon bayan karɓar LGBTQ ce, a kan ikon gudanarwa da kuma ko sujadar Lahadi tana riƙe da tushen ibadar Kirista. Aka rabu a 2020, Glide ta riƙe gininta. Ba ta dogara da baikon Lahadi kaɗai ba, attajiri Warren Buffett ya tara mata sama da dala miliyan 53 tsakanin 2000 da 2022 ta hanyar gwanjon cin abincin rana tare da shi. Williams ya rasu a watan Afrilu na 2024, kwanaki kaɗan kafin babban taron United Methodist a birnin Charlotte ya soke haramcin 1984 na naɗa masu neman jinsi ɗaya fastoci, ya kuma cire kalmomin 1972 da suka ce abin ya saɓa wa koyarwar Kirista. Taron bai tilasta wa kowane fasto ɗaura auren jinsi ba, kuma shugabannin da suka ci gaba da zama a United Methodist a Najeriya, ƙarƙashin Bishop Ande Emmanuel, sun bayyana cewa a wurinsu aure tsakanin namiji da mace ne.