Kabarin Laftanar Cairns a maƙabartar Taukkyan: me ya haɗa shi da sojojinmu na yaƙin Bama?

Jikan Soja:
Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Yangon, a ƙasar Myanmar (tsohuwar Bama), kuma ina da niyyar ziyartar maƙabartar sojoji ta Taukkyan da ke arewa da birnin, domin kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa yaƙin Bama bai dawo ba. An ce kada in bar wurin sai na tsaya a kabarin wani Bature, Laftanar George Cairns. Wace bajinta ya yi, kuma mene ne alaƙarsa da mutanenmu?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Cairns yana cikin rundunar Chindit, wadda Janar Wingate ya shigar bayan dagar Japanawa a watan Maris na 1944 domin ta datse layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina. A wani tudu kusa da ƙauyen Henu aka yi arangama jiki da jiki, inda wani hafsan Japan ya sare masa hannun hagu da takobi. Duk da haka ya kashe hafsan, ya ɗauki takobin, ya ci gaba da jan yaransa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma wannan raunin ne ajalinsa. Takardar da aka rubuta domin a ba shi lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, ta salwanta a haɗarin jirgin saman da ya kashe Wingate ranar 24 ga Maris, shi ya sa ba a ba da lambar ba sai a 1949, bayan matarsa ta dage wajen bibiyar maganar.

Baba Mazan Jiya:
Ɗana, abin da Malam ya faɗa haka yake, amma akwai ci gabansa. A yankin da Cairns ya faɗi aka kafa sansanin da Turawa suka kira White City, kuma sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka riƙe shi lokacin da Japanawa suka yi ta kawo farmaki dare bayan dare a watan Afrilu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojojin Najeriya ne suka shiga rundunar Chindit, kuma daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. Ba na rage wa Baturen nan komai, domin namiji ne, sai dai abin da ke ci mini rai shi ne shi ya samu mai rubuta labarinsa da mai bin kadinsa, namu kuwa da yawa sunansu da lambarsu kawai suka bari.

Hajiya Umma:
Allah ya jiƙan kakanka. Ka tsaya a kabarin Cairns cikin natsuwa, sannan ka wuce zuwa ginshiƙan da ke tsakiyar maƙabartar, inda aka zana sunayen kimanin mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Afirka ta Yamma, ka yi wa Musulmin cikinsu sallama da addu'a. Kafin ka tashi, ka nemi lambar aikin kakanka a wurin manyan gida, ka duba ta a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, saboda magatakardan soja sun sha rubuta sunayenmu a karkace, lambar ce za ta fi saurin kai ka ga ginshiƙin da sunansa yake.