Mai tara jarin gidaje: dillali za mu ce ko madugu?

Jama'a, ku taya ni mu tsayar da kalma. A harkar gidaje akwai mutumin da Turawa ke kira "sponsor". Shi ke gano fili ko gini, ya yi lissafin abin da za a kashe da abin da ake sa ran samu, ya tara masu kuɗi su zuba, sannan ya riƙe aikin har a sayar a raba. Irin wannan tallar ta fara shigo mana Gombe ta WhatsApp, ka ga hoton gidaje a jere an ce za a gina wajen Tumfure ko bakin baifas, kalmar kuma tana nan da Turancinta.

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "mai ɗaukar nauyi". Wannan ta gasar ƙwallo ce da shirin rediyo, inda kamfani ke biya kowa ya huta. A nan kuwa kuɗin mutane ne ke ɗauke da aikin. Ka ce wa ɗan fansho ga mai ɗaukar nauyi, zai ɗauka idan an yi asara wani ne zai biya shi, kuma ba haka ba ne.

Wani ɗan'uwa daga Jekadafari ya ce a ce dillali kawai a huta. Yallaɓai, dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi sallama, ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa. Gobe katanga ta tsage, ba ruwansa. Wannan mutumin kuwa ranar da aka biya kuɗin fili ranar aikinsa ke farawa.

Bari mu ga yadda yake gabatar da hajarsa, don daga nan sunan zai fito. A Amurka, inda tsarin ya fi kafuwa, yana zuwa da ɗan kundi: hoton ginin da unguwar, hayar da ake karɓa yanzu, kuɗin gyara, bashin da za a ci a banki, shekarun da za a riƙe kadarar kafin a sayar, galibi wajen 5, da ayyukan da ya taɓa yi. Sai shafin rabo. Yawanci shi kansa yana saka kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jarin. Masu zuba kuɗi su ake fara ba riba, sau da yawa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari a shekara, idan ribar ta samu. Abin da ya ragu a raba, misali 70 nasu 30 nasa. Ban da wannan yana da ladan sayen kadara da ladan kula da ita, kuma waɗannan yana karɓa ko an ci riba ko ba a ci ba, shi ya sa shafin ya fi kowane cancantar a karanta shi da natsuwa. A can ma sai bayan wata doka ta 2012 aka buɗe masa ƙofar yin talla a bainar jama'a, da sharaɗin ya tabbatar masu zuba kuɗin masu hali ne, kamar mai samun sama da dala 200,000 a shekara.

To wa Bahaushe ya sani mai irin wannan aiki? Madugu. Lokacin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, madugu ne ya san hanya, shi ke tara ayari, shi ke magana da sarakunan kan hanya a kan abin da za a biya a wuce, yana da ladansa, kuma nasa kayan na cikin ayarin. Idan 'yan fashi suka tare hanya, da shi za a tare. Shi ya sa nake cewa madugun jari.

Amfanin sunan shi ne yana sa tambaya a bakin mai kuɗi ba tare da an koya masa ba. Madugu, ka taɓa bin hanyar nan? Nawa ne naka a ciki? Wanda ya ce gumi da basira kaɗai ya saka, to a sani tun farko.

Wata hajiya ta ce kalmar ta ɓaci, tunda a labarai madugun 'yan tawaye ake ji. Gaskiya ne Hajiya, amma ana cewa madugun 'yan adawa ma, kuma "madugu uban tafiya" har yau kirari ne na girmamawa. Da an liƙa mata jari ta koma gidanta.

Wani malami daga Bolari ya tuna mana cewa fiƙihu ya riga ya san mai dukiya da mai juya ta a babin ƙiradi. Allah ya gafarta Malam, na karɓa, kuma a can ba a yanke wa mai dukiya riba tabbatacciya, kaso ake ambatawa. Sai dai mai juya dukiya a ƙiradi ba dole ne ya saka nasa ba, ni kuwa wannan sakawar nake so sunan ya riƙe.

Kundin da madugun jari yake zuwa da shi, wanda suke ce wa "pitch deck", kundin tayi ya wadatar. Amma a wurinmu shafinsa na farko ya kamata ya zama takardar fili. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, sayar da fili mai takardar mallaka ma sai da amincewarsa. A ga lambar fayil, a je GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a jihar Gombe, a bincika, a kuma taka ƙafa a ga wurin da damina, don kowa ya san yadda kwari ke cin filaye a garin nan.

Mu gwada a jimla: "Madugun jari ya kawo kundin tayi, nasa kashi 10 ne." Ta zauna a kunnena. Saura ribar nan da ake fara ba masu kuɗi kafin madugu ya taɓa tasa. Ina tunanin "ribar fari". 'Yan Bauchi, ku me kuke ce mata?