Neman shawara: akwatin yanka gurbin ƙarafan wuyan jita

Ɗan Kakuri:

Salama alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hannu, barkanmu da sanyi. Ni kafinta ne a Kakuri, gadaje da kujeru nake yi, bana shekara 9. Wani ɗan aiki ne da na raina ya sha mini kai, na ce bari in kawo shi gaban manya.

Ƙanin matata yana da tsohuwar jita mai tsirkiyar roba da yake kaɗawa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu a Sabon Tasha. Hunturun bara allon wuyanta, inda yatsu ke dannawa, ya tsage a tsaye tun daga sama har kusan tsakiya. Na ce ya kawo, ai katako ne. Na ɓamɓare tsohon, na fere sabo da madaci, na sa tef na auna daga ƙashin kai, wato ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa a saman wuya, zuwa jaki, inda take hawa a jikin jitar, na samu milimita 652, na yi lissafi, na ja layuka da fensir, na yanka gurabe 19 da zarton ƙarfe. Ƙarafan nan da ake kira firet, waɗanda ake dasawa a gicciye cikin guraben, suka ƙi zama, sai da na cika su da gam. Da ya ɗaura tsirkiya ya kaɗa, bai ce mini komai ba, amma na ga fuskarsa. Daga baya matata ta gaya mini wai in ya gangaro ƙasan wuyan, muryar ba ta haɗuwa da ta mai fiyano.

Zan sake, amma ba da hannu sake ba. Ina so in haɗa wani akwati da zai riƙe zarto ya miƙe, kuma ya riƙa tsayar da ni daidai inda kowane gurbi yake. Wanda ya taɓa yi ya taimaka. Kunya ce ke neman kashe ni a gidan surukai.

Mai Gurmi:

Ka ba shi gurmi ko garaya kawai, ɗan'uwa. Mu namu ba ƙarfe ko ɗaya a wuya, kunne ne rula. Wasa nake yi, Allah ya kawo masu sani.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar akwati, matsalarka ta farko tana cikin wannan 652 ɗin. Ba daga ƙashin kai zuwa jaki ake ɗaukar tsawon da ake lissafi da shi ba. Masu ƙera jita da gangan suke ja da jaki baya kaɗan, kamar milimita 2, saboda in ka danna tsirkiya tana ƙara miƙewa, murya ta ɗan hau. Wannan ƙarin ba ya shiga lissafi. Abin da ake yi, a auna daga fuskar ƙashin kai zuwa tsakiyar ƙarfe na 12, a ninka biyu. Duba tsohon allon, na tabbata 325 za ka gani, wato 650, wanda shi ne tsawon da aka saba a irin wannan jita. Kai da ka raba 652 ka cinye ƙarin nan, shi ya sa muryar take hawa sama yayin da yake gangarowa.

Lissafin kansa ba wuya. Raba 650 da 17.817, ka samu 36.48, nan ne ƙarfe na farko. Cire shi daga 650, abin da ya rage ka sake raba shi da 17.817, haka har ka gama. Daga ƙashin kai, na 2 yana kan 70.92, na 3 103.42, na 5 163.05, na 7 216.18, na 12 kuwa 325 cif. In lissafinka bai sauka kan 325 a na 12 ba, ka koma baya, akwai inda ka zame. Na 19 zai faɗo kan 433.09.

Wasu za su ce maka a raba da 18, don ya fi sauƙi. Tsohuwar ƙa'ida ce, mahaifin masanin taurarin nan Galileo ma ya rubuta ta a Italiya tun 1581. Amma in ka bi ta a kan 650, ƙarfe na 12 zai tsaya wajen 322.6, ya gaza da fiye da milimita 2, kuma jakin jitar nan an riga an manne shi a inda ya dace da 325.

Sannan kowane layi daga ƙashin kai za ka auna shi, kada ka auna daga ƙarfe zuwa ƙarfe. In ka yi haka, ɗan kuskuren na farko zai hau kan na biyu, su taru su hau kan na uku.

Ɗan Kakuri:

Malam, na je na auna. 325 ne. Kuma daga ƙarfe zuwa ƙarfe na yi awon nawa. Allah ya saka da alheri, ka kama ni biyu.

Baba Kafinta, Tudun Wada:

Yaro, tsohon allon yana nan ke nan? To ka riga ka sami rabin akwatinka ba ka sani ba. Malam ya yi gaskiya a lissafi, amma ni da na shekara 40 ina riƙe da zarto ban taɓa ganin idon da zai raba 36.48 da 36.7 a kan rula ba. Bakin fensir kaɗai ya kai rabin milimita. Tef ɗin da kake aunawa da shi kuma ƙugiyar bakinsa motsi take yi. Kamfanin da ya yi jitar da inji ya yanka guraben nan, tunda kuma a tsaye allon ya tsage, tazararsu ba ta canja ba. Shi za ka mayar jagora.

Ga yadda za ka yi. Nemi falanki mai kauri wanda ya bushe, tsawonsa ya kai santimita 60, ka goge shi ya kwanta sumul. Ka kafa masa bango biyu a gefe da katako mai tauri, faɗin tsakaninsu ya ɗan fi na allon da za ka yanka. Bango ɗaya shi ne uban tafiya, shi allo zai riƙa jingina, don haka ka tabbata ya miƙe sak. Kada ka tsaga bangon da zarto kamar yadda muke yi wa akwatin yanka kwana, tsagar tana cinyewa ta buɗe kafin ka kai gurbi na goma. Kowane bango ka yi shi gida biyu. Ka ɗaure gidan farko na hagu da na dama da sukuru, ka sa sikwaya ka tabbatar bakinsu yana layi ɗaya, a gicciye da uban bango daidai kwanar sikwaya. Sai ka jingina ruwan zarton a bakinsu, ka turo gida na biyu ya matse shi, ka ɗaure. Ramin sukurun gida na biyu ka ɗan faɗaɗa shi, don duk ranar da ya saki ka sake matsowa. Zarto ya riƙa wucewa ba tare da ya yi rawa ba. Ka goga masa kyandir.

Yanzu sai asirin. A ƙasan akwatin, daidai inda zarto ke sauka, ka ɗan tsaga falankin, ka dasa guntun ruwan wuƙar kata, irin wadda ake karya bakinta, da bayanta a sama, ya leƙo kamar milimita 1. Ka ɗumama ƙarafan tsohon allon da ƙarfen soda ka zare su a hankali, ka share guraben. Ka kife tsohon allon, gurabensa na kallon ƙasa, ka manna sabon katakon a bayansa yana kallon sama. In ka zura su, gurbin tsohon zai faɗa kan ruwan wuƙar nan, ka ji ƙas. Ka yanka na sama. Ka ɗaga, ka matsa zuwa na gaba, ƙas, ka yanka. Ba rula, ba fensir.

Abu biyu kada ka manta. Sabon katakon ka bar shi da faɗinsa ɗaya sama da ƙasa, kada ka tsuke shi sai ka gama yanka, domin gefensa ne ke bin bango. Tsohon kuma tunda ya tsuke ta sama, ka ja layi a tsakiyar kowanne, ka haɗa layi da layi kafin ka manne. In ka jera su ta gefe, duk guraben za su karkace.

Injiniyan Panteka:

Baba ya gama magana a kan akwati. Ni zarton zan taɓa, don shi ya sa ƙarafanka suka ƙi zama. Ƙafar firet da ke shiga katako kaurinta wajen rabin milimita ne, da 'yan ƙayoyi a jiki da ke cizon katakon. Gurbin da ake so kusan 0.6 ne, Turawa suna cewa inci 0.023. Zarton ƙarfe kuwa haƙoransa a baje suke hagu da dama, yankansa yana kaiwa kusan milimita 1. Ƙayoyin ba su sami abin kamawa ba.

In ba ka da kuɗin yin odar zarton da aka yi don wannan aiki, ka sami sabon ruwa mai ƙananan haƙora, ka kwantar da shi a kan dutsen washi da ɗan mai, ka goga gefe ɗaya sau biyar, ka juya sau biyar. Ka gwada a guntun katako irin wanda za ka yi aikin da shi, ka zura fila geji na makanikai, wanda suke saita fulogi da shi. In 0.6 ya shiga da ƙyar, 0.65 ya ƙi, ka tsaya. Kada ka zarce kuma. Gurbi in ya matse da yawa, ƙarafa 19 kowanne yana tura katako kamar weji, sai wuyan ya lanƙwashe baya. Ka ɗaura ruwan a juye, ya riƙa ci in ka jawo, ba in ka tura ba, siririn ruwa ya fi miƙewa a haka.

Zurfi kuma, ka auna tsawon ƙafar firet ɗinka ka ƙara ɗan kaɗan. Ka matse siririn katako a jikin ruwan da ƙananan noti biyu, ya zama in ya taɓa fuskar allo zarton ya daina ci. Sai dai ka gajarta shi yadda ba zai riƙa karo da bangon akwatin ba. In ka shigo Panteka, kowane mai walda zai yanka maka ɗan ƙarfen da za ka yi wa bakin bangon leɓe don kada ya cinye.

Ɗan Barnawa:

Ni fa ina ganin an tsawaita. Akwai shafuka a intanet da za ka sa 650 su zana maka layukan duka, ka buga a takarda, ka liƙa a katako ka bi.

Malamin Lissafi:

Ana yi, amma a yi hattara. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, allon ya haura 433, dole sai an haɗa biyu, kuma a mahaɗar ake zamewa. Na'urar buga takarda ma takan rage zane kaɗan don ya shiga shafi in ba a hana ta ba, gam mai ruwa kuma yana sa takarda ta miƙe. Wanda ba shi da tsohon allo zai iya bi ta nan, ya tabbatar da rular ƙarfe. Ɗan Kakuri kuwa yana da wanda ya fi takarda. Lambobin da na ba shi ya riƙe su don dubawa bayan ya yanka, musamman na ƙasa: kuskuren milimita 1 a ƙarfe na 12 ya kusa ninka na ƙarfe na farko a kunne, saboda tsirkiyar da ta rage rabi ce.

Baba Kafinta, Tudun Wada:

Na manta katako. Madaci yana da kyau a wuya da jiki, amma a allon yatsu farce da tsirkiya za su ci shi, kuma bai cika riƙe ƙayar ƙarfe ba. Nemi maɗobiya ko ƙirya. Maɗobiya ta yi wuya yanzu, an sare ta an kai Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017, amma guntun da kake buƙata bai fi tsawon hannu ba, za ka samu a tsohuwar ƙafar gado ko tebur. Tsohon ma ya fi, ya gama motsinsa. Ƙirya tana dakushe zarto, ka tanadi ruwa biyu. Kuma ka yi aikin yanzu da iskar hunturu ke kaɗawa. In ka bari sai Agusta, katakon ya sha damina ya kumbura, Janairu na zuwa zai tsuke, bakin ƙarafan su fito su riƙa yankar masa yatsu.

Anti Mai Waƙa:

Ɗana, in za ka manne allunan biyu kada ka sa gam kai tsaye. Liƙa tef ɗin masu fenti a bayan kowanne, ka ɗiga sufa gulu a kan tef ɗin, ka haɗa. In ka gama, wuƙa kawai za ka zura su rabu. Kuma ka sayi sababbin ƙarafa, waɗanda ka cika da gam ɗin nan sun gama aiki. Mai jitar kuma ka ce masa ya yi haƙuri, mu da muke tsaye kusa da shi ran Lahadi mun fi shi shan wahala.

Ɗan Kakuri:

Na dawo da rahoto. Na haɗa akwatin ranar Asabar kamar yadda Baba ya ce, na samu ƙafar tsohon tebur ta maɗobiya a wurin wani mai gyaran kujeru. Na fara gwadawa a kan guntun falanki, sai na ga sikwayata ce ma ba ta da gaskiya: na ja layi, na juya ta na sake ja, layukan suka buɗe baki. Na ari ta maƙwabcina na sake saita bangon. Na yanka duka 19, na sa rular ƙarfe, na 12 yana kan 325, na 7 yana kan 216 da ɗan ɗigo. Ƙarafan na shiga da bugu uku na guduma, ba gam.

Inda na tsaya shi ne bakin sama, wurin da ƙashin kai zai zauna. Tsohon allon ya gutsure a nan lokacin da na ɓamɓare shi, ba abin da ruwan wuƙar zai kama.

Malamin Lissafi:

Auna 36.5 daga tsakiyar gurbi na farko zuwa sama, ka ja layin da bakin wuƙa, ba fensir ba. Ka sa a akwatin ka yanka ta wajen layin, ka bar shi a jikin allon, sannan ka ci sauran da sanfefa a hankali kana aunawa.

Baba Kafinta, Tudun Wada:

Ka manna sanfefar a jikin katako mai kwana daidai, kada ka riƙe ta a hannu. Kuma ka mayar wa maƙwabcinka sikwayarsa, ka sayi taka.