Jabu ne ko ba jabu ba? Rigimar abincin Meksiko a zauren 'yan uwa mazauna Amurka

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Wata biyar ke nan da aikin maigida ya taso mu daga Los Anjeles zuwa wani ƙaramin gari a jihar Ohayo, kuma wallahi bayan mutane babu abin da nake kewa kamar girkin 'yan Wahaka, wata jiha a kudancin Meksiko. Shekara takwas muna katanga ɗaya da su. Maƙwabciyata ce ta koya mini cin baƙin mole, miyar da ake gasa busasshen barkono sai ya yi baƙi, a niƙa shi da riɗi da cakulan da kayan ƙamshi, a wuni ana juyawa. A nan na shiga gidajen abinci huɗu masu tutar Meksiko a ƙofa, duk kanwar ja ce: niƙaƙƙen nama, cuku ruwan ɗorawa an narka a kai, tortiya, wato faifan gurasarsu, ta bushe ƙamas. Na tambayi tlayuda, babbar gasasshiyar tortiyar 'yan Wahaka, yaron ya ce bai taɓa jin sunan ba. Wannan ba abincin Meksiko ba ne, jabu ne. Don Allah wanda ya san inda zan samu ƙullun masarar da aka dafa da farar ƙasa, ko barkonon chilhuacle, ya taimaka mini.

Alhajin Hiyuston: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa a saba da sabon wuri. Amma kalmar jabu ta yi nauyi. Abin da kika kwatanta girkinmu ne na Teksas, Tex-Mex ake ce masa, kuma yana da iyaye da kakanni. Teksas ƙasar Meksiko ce har 1836. Mutanen ba ƙaura suka yi ba, iyaka ce ta tsallake su. Tun ƙarni na 19 matan San Antoniyo ke sayar da chili con carne a dandalin gari da daddare. Su ma jabu ne?

Ɗan Shikago: Alhaji, da girmamawa, jabu sunansa jabu. Ka zo unguwar Pilsen ko Little Village a nan Shikago ranar Lahadi da safe ka ci birriya, farfesun naman akuya irin na mutanen jihar Halisko ta Meksiko, daga ranar ba za ka ƙara kallon cukun nan mai kama da fenti ba.

Alhajin Hiyuston: Yaro, shekarata 22 a Teksas. Nachos da kuke rainawa, soyayyiyar tortiya da narkakken cuku, a cikin Meksiko aka ƙirƙire shi, a garin Piedras Negras na bakin iyaka, wani mai suna Ignacio Anaya. Je ka bincika.

Ɗan Shikago: Don baƙin da suka tsallako daga Amurka ya yi shi, Alhaji. Wannan ai hujjata ce ka ba ni.

Ɗaliba a Puwebla: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ina zaune a Meksikon, shekara ta uku ke nan. Kafin a ce jabu sai an faɗi mene ne na asali. Shanu, awaki, tumaki, alkama da cuku duk Sifaniyawa suka kawo su bayan 1519. Tako al pastor da ake tinƙaho da shi, gasasshen nama a cikin tortiya, daga shawarmar 'yan Labanon da suka zauna a nan Puwebla ya samo tushe. A Sonora, can arewa, tortiyar alkama suke ci, ɗan kudu kuma ya ce masara ce kaɗai tortiya. Su kansu ba su gama wannan gardamar ba.

Ɗan Shikago: To don me UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin kayan gadon duniya a 2010, ta kafa misali da jihar Michoacán, ba ta kafa da Hiyuston ba?

Alhajin Hiyuston: UNESCO ce za ta gaya mini abin da ke da daɗi a bakina?

Maman 'Yan Biyu: Alhaji ka yi haƙuri, ba Teksas na zaga ba. Da sun rubuta Tex-Mex a allonsu da ban ce uffan ba. Sun rubuta na asali ne, suka karɓi kuɗina. Har yanzu dai tambayata tana nan, ina ake samun ƙullun?

'Yar Bauchi: Anti ni na fahimce ki sarai. Haka nake ji duk ranar da aka miƙo mini wainar Kano aka ce masa ce. Wanda bai ci masar Bauchi da miyar taushe ba bai san abin da ake nufi da jabu ba.

Bakano a Atlanta: Ƙanwata, a bar Kano a wannan magana. Waina da masa abu ɗaya ne, suna kuka canza kuka ƙara kuɗi.

'Yar Bauchi: Yaya, ko a ido ba ɗaya ba ne. Tamu tana tashi, cikinta laushi kamar auduga.

Ɗaliba a Puwebla: Abin mamaki, ƙullun masarar da Anti ke nema su ma masa suke kiransa.

Bakano a Atlanta: To kun gani! Daga wurinmu suka ɗauka. Zoɓon da suke sha suna kira jamaika ma daga Jigawa da Kano ake loda musu shi a kwantena.

Ɗaliba a Puwebla: Maganar zoɓo gaskiya ce Yaya, Meksiko na sayen zoɓon Najeriya sosai. Amma masa kalmar Sifaniyanci ce mai nufin ƙullu, daga Latin ta fito, dacewa ce kawai. In ana bin asali, masara da tumatir da barkono daga nahiyarsu suka iso mana.

Bakano a Atlanta: Barkono? Kakata ta rasu tana da shekara kusan ɗari, da barkono ta tashi. Wannan karatun Turawa ne.

Ɗan Maraɗi a Bronx: Ku da kuke faɗa a kan waina, wa ya taɓa ba ku kilishi na gaske? Ku zo Nijar. Kuma na ji 'yan Wahaka na cin fara da barkono da lemun tsami kamar mu, don haka ni ina bayan Hajiya, mutanen da suka san fara sun san abinci.

Malam na Filadelfiya: Jama'a ana ta jabu da na asali, an bar abin da ya fi muhimmanci. Girkin da kuke kira na asalin shi ya fi yawan man alade. Da shi ake kwaɓa tamal, ƙullun masarar da ake turarawa a ganye, da shi ake soya wake, tlayudar da Hajiya ke nema ma akwai kitsen alade da ake shafa mata, asiyento suke ce masa. Al pastor kuwa naman alade ne zalla. A riƙa tambaya kafin a kai baki.

Maman 'Yan Biyu: Malam, na san wannan tun zuwana. Maƙwabciyata da man gyaɗa take yi mini, kajin kuma ni nake kai mata daga mahaucinmu. Shekara takwas ban ci abin da ban san yadda aka yi shi ba.

Alhajin Hiyuston: Alhamdu lillahi, ta faɗa da bakinta. An cire kitsen, an sa man gyaɗa. To Hajiya, in ɗan Wahaka ya ɗanɗana naki, me zai kira shi? Ashe ke ma jabun kika ci shekara takwas.

Maman 'Yan Biyu: Haba Alhaji. Matar da ta haifi 'ya'yanta a Wahaka, ta gasa barkononta da hannunta, ta canza mai don mutunta addinina, ita za ka haɗa da wanda ya buɗe gwangwani ya juye? Wannan maganar ta yi mini ciwo.

Ɗan Shikago: Alhaji ka janye.

Alhajin Hiyuston: Ita ta fara kawo kalmar, ba ni ba.

Ɗaliba a Puwebla: Anti, ki bar gidajen da ke bakin babban titi. Ki nemi ƙaramin kantin da leburorin gini da ma'aikatan gona ke sayayya, sau da yawa akwai tebur biyu ko uku a bayansa, Asabar da Lahadi suke girkin gida. Ki tambayi mai kantin daga wace jiha yake. Garin masara mai suna Maseca ma, masarar an dafa ta da farar ƙasa kafin a niƙa, zai rage miki zafi kafin ki samu ɗanyen ƙullu.

'Yar Bauchi: Yaya na Atlanta, ban manta ba, har yanzu ba ka janye maganar ƙara kuɗi ba.

Bakano a Atlanta: Ba zan janye ba.

Alhajin Hiyuston: To a matsayina na shugaban wannan zaure zan rufe, dare ya yi. Abin da aka cimma: kowa ya yarda girkin Teksas ba jabu ba ne, yana da tarihi tun kafin 1836. Ɗalibarmu ta tabbatar babu wani abu wai shi na asali. Malam ya nuna wanda ake kira na asalin ma shi ya fi haɗari. Maganar waina da masa a kai ta wani zauren. Hajiya kuma muna gayyatarta Hiyuston ita da maigida, fahita, gasasshen naman Tex-Mex, tana jiransu.

Ɗan Shikago: Ni ban yarda ba, kar a sa ni cikin kowa.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata ta Puwebla, na gode. In kin zo hutu, barkonon chilhuacle nawa za ki iya sako mini a jaka? Zan turo kuɗin.