Wai da gaske Sarkin Rasha ne ya fara naɗa garanmasta a wasan ces?

Sadiq_e4:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu bin tarihin ces ku warware min wannan. Littattafai da yawa suna cewa a gasar St. Petersburg ta 1914 Sarkin Rasha Nicholas na biyu da kansa ya ba mutum biyar laƙabin garanmasta (babban gwanin ces), wato Lasker, Capablanca, Alekhine, Tarrasch da Marshall. Yanzu kuma naji wasu na cewa maganar ba ta da tushe. To in haka ne ya akayi ta cika littattafai, kuma laifin wa, wanda ya fara faɗa ko masu kwafa?

Baba_Doki:
Wa alaikumussalam ɗana. Gasar dai anyi ta, mutum biyar ɗin nan su suka kai zagayen ƙarshe, Lasker ya zo na ɗaya ya tsere wa Capablanca da rabin maki kacal, wannan ba gardama. Matsalar zancen sarkin ce. Akwai Edward Winter da ya fara rubuta Chess Notes (bayanai kan tarihin ces) a 1982, mutumin nan aikinsa kenan bin diddigi, ya tona ya tona mafi tsufan inda ya samo labarin shi ne mujallar New Yorker a 1940, sai littafin Marshall na 1942. Ka lissafa, shekara 26 bayan gasar! Ace sarki guda ya naɗa mutane a bainar jama'a amma sai bayan shekara 26 za a fara ganinsa a rubuce? Kuma FIDE, hukumar ces ta duniya, sai 1950 ta fara ba da laƙabin a hukumance, ga mutum 27. Ni a wajena masu kwafa sun fi laifi, don su suka kira kansu masana tarihi, jaridun 1914 suna nan amma ba su buɗe ba.

Hauwa_Sarauniya:
Baba gaskiya ne amma a ɗan yi musu uzuri, da can ba intanet, kafin mutum ya samu tsohuwar jaridar Rasha ko Jamus sai ya sha wuya. Kuma irin labaran nan su ke jawo yara su so wasan, kamar na Marshall da Levitsky a Breslau 1912 da Marshall ya ajiye sarauniya a gidan g3 na allo inda za a iya cinye ta ta hanya uku, akace 'yan kallo sun watsa masa kuɗin zinari a kan allo. Wasan gaskiya ne, zinarin ne ake ta ja-in-ja a kai. Ni dai roƙona marubuci ya sa "an ce", shikenan, mai karatu ya san inda ya dosa.

Baba_Doki:
'Yata uzurin na mutanen da ne, na yau fa? Wanda aka nuna masa hujja ƙarara ya sake buga littafinsa da kuskuren a ciki ko gyara ɗaya babu, wannan ba rashin jarida bane, raina masu karatu ne wallahi. Kuma ba a labari kaɗai abin ya tsaya ba har wasannin kansu. Alekhine ya wallafa wani wasa mai sarauniya biyar a kan allo yace da Grigoriev suka yi a Mosko 1915, daga baya masu bincike suka nuna ba haka wasan ya gudana ba, shi ya tsara abinsa. Zakaran duniya fa. Har yau zaka ga ana yaɗa shi kamar an buga da gaske don kowa daga wajen wani yake kwafa.

Sadiq_e4:
Nagode Baba, nagode Anti Hauwa. Na Alekhine ɗin nan ya bani mamaki sosai. To wasannin da ake jingina wa Napoleon fa, su ma haka ne?

Hauwa_Sarauniya:
Su ma masana ba su yarda da ingancinsu ba ƙanina, musamman wanda akace ya yi da Janar Bertrand a St. Helena. Duk wanda ya kawo maka su ka tambaye shi a ina aka fara wallafa su, wace shekara.