Wace ƙaramar bindiga ce ke jure harsashi mai ƙarfi?

Baban Hanifa, Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aikin jinya a jihar Alaska ta Amurka ya kira ni yana neman shawara, ni kuwa abin ya fi ƙarfina. Yakan bi abokan aikinsa kamun kifi a kogunan da dabbar beyar ke zuwa farauta, kuma sun ce masa ya nemi ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsashi mai ƙarfi, wasu na cewa mai cin harsashin .44 Magnum, wasu na cewa mai cin harsashi mai faɗin milimita 10. Ya ɗauka tun da mahaifinmu maharbi ne na gaji wani abu, alhali ban san komai ba ban da harba-ka-ruga da ke rataye a ɗakin tsoho. Wacce ce za ta yi ƙarko, ba za ta cije ba a ranar da ake bukatarta?

Tsohon Sufeto, Dakata:

Wa alaikumus salam, Malam. Na shafe shekaru a ma'ajiyar makamai kafin na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne ba shekaru ke kashe bindiga ba, harsashin da ya fi ƙarfin ƙarfenta ne. Akwai wata libarba (ƙaramar bindiga mai tulun harsashi da ke juyawa) da aka taɓa kawo mini, mai ita yana kukan ta daina saiti. Sai da na goge bakin bututun ta ciki, daidai inda harsashi ke faɗawa idan ya baro tulun da ke juyawa, na haska da tocila, sannan na ga wata tsaga siririya kamar gashin gira. Daga waje kuwa tana sheƙi kamar sabuwa.

Irin wannan ne ya sami libarbar Smith & Wesson Model 19. An ƙera ta da matsakaicin jiki domin ta yi sauƙin ɗauka, sai aka riƙa yi mata ɗurin harsashin .357 Magnum mai kai marar nauyi da tsananin gudu, wurin nan ya riƙa tsagewa, har kamfanin ya fito da samfurin 586 da 686 masu kaurin jiki a farkon shekarun 1980. Shi kansa .357 tun 1935 yake, .44 Magnum kuma ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950, wato an daɗe ana gwada su, an san inda kowace bindiga ke gazawa.

Da ni ne, Ruger zan nuna masa: GP100 idan .357 ya zaɓa, Redhawk idan .44 ce. Dalilina shi ne jikinsu dunƙulalle ne, ba su da faifan gefe da ake ɗaurewa da noti kamar yawancin libarba, kuma ana yin su da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda mai yawo a bakin ruwa ke bukata. Aibinsu nauyi ne, domin GP100 mai bututun inci 4 ta haura kilo ɗaya tun ba a saka mata harsashi ba. Amma nauyin nan shi ke shanye dukan da bindiga ke mayarwa hannu. Kada ya ruɗu da marasa nauyi: a cikinsu girgizar harbi kan sa kan harsashin da ke jira ya zamo gaba daga kwansonsa, ya tokare, tulun ya ƙi juyawa gaba ɗaya.

Injiniya Abu Sadik, Zoo Road:

Ranka ya daɗe Sufeto, bayaninka ya gamsar, sai dai ina neman izini in kare mai milimita 10, domin na yi amfani da ita a filin koyon harbi lokacin da nake karatu a Teksas. Gaskiya ne ta shigo da ƙafar hagu. Harsashin ya fito a 1983 tare da bindigar Bren Ten, kamfanin da ke ƙera bindigar bai daɗe ba ya durƙushe, sannan Colt Delta Elite ta farko ta riƙa tsagewa a gefen jikinta. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta karɓi harsashin bayan artabun da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miyami a 1986, ta ga jami'anta da yawa ba sa iya riƙe shi, ta rage masa albarushi, daga nan aka sami harsashin .40 S&W a 1990. Amma fistol ɗin Glock 20, mai cin wannan harsashi, ta wanke shi daga zargi. Tana cin harsashi 15 inda libarba ke cin 6, kuma ita ce sojojin sintirin Sirius na ƙasar Denmak ke ratayawa a ƙanƙarar Girinlan saboda farar beyar. Sharaɗinta kawai shi ne a riƙa sauya sifirin ɗin da ke mayar da samanta (ɓangaren da ke zamewa baya yayin harbi) idan ya gaji, a kuma gwada harsashin da za a shiga daji da shi, domin ba kowane iri take haɗiyewa lafiya ba.

Barista Umma, Nasarawa:

Malam Baban Hanifa, kafin maganar ƙarfe a duba takarda. Idan ƙanen naka da bizar aiki ta wucin gadi yake zaune, dokar tarayyar Amurka ta hana shi mallakar bindiga, sai da wasu keɓantattun dalilai kamar lasisin farauta. Sannan kada ya yi tunanin tahowa da ita gida. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda lasisinsu ke hannun Shugaban Ƙasa, ba ma Sufeto Janar na 'yan sanda ba.

Tsohon Sufeto, Dakata:

Barista ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi. Injiniya kuma ban ƙi taka ba, amma beyar da ta taso a guje ba za ta jira a kai ga harsashi na goma ba, kuma idan libarba ta ƙi tashi sai a sake jan kunama ta wuce zuwa na gaba, ita kuwa Glock sai an ja samanta da ɗaya hannun. Malam, ka ce wa ƙanenka ya je filin koyon harbi ya yi hayar duka biyun. Idan ya ga yana runtse ido kafin .44 ta tashi, ya sauko zuwa .357, ya yi atisaye da .38 Special, wanda ke shiga cikinta, ya fi araha kuma ba ya wahalar da ƙarfe.

Baban Hanifa, Gwammaja:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Barista, yana da takardar zama ta dindindin, kuma na gargaɗe shi kan batun tahowa da ita. Ya ce tuni ya sayi gwangwanin feshin barkono da ake korar beyar da shi, ranar Asabar kuma zai je ya gwada GP100 da Glock 20. Sufeto, ya ce in tambaye ka ko bututun inci 4 ya isa, ko ya nemi mai inci 6.